Wai me ya sa 'yan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suke atisaye da gajeren wando ba karo, amma koci na ta maganar sauri?

Ɗan_Rigasa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu bin ƙwallon Amurka ku zo ku warware min wani abu. Ni dai ɗan Arsenal ne tun ina firamare, wannan zari-rugar ta Amurkawa ban daɗe da fara leƙa ta ba, wani abokin aikina ne ya matsa min lamba sai da na raba dare ina kallon Super Bowl, wasan ƙarshe na gasarsu, kuma gsky abin ya ɗan shiga raina duk da har yanzu rabin dokokin ban gane su ba. To yanzu da kaka ta ƙare ba a buga komai, duk sanda na hau YouTube sai in tarar kulob-kulob ɗin suna ta sako bidiyon atisaye, amma abin da ya ɗaure min kai, ƙartin nan da na gani suna maka juna da ƙasa a watan Janairu yanzu ga su nan da gajeren wando da 'yar riga, hular kwano kawai a ka, babu mai taɓa wani, mutum ya taho da gudu sai ya dafa ɗan'uwansa ya wuce. Kuma ana gamawa sai a kawo koci gaban 'yan jarida yana cewa ya ji daɗin saurin atisayen yau, yara sun dawo jikinsu a murɗe, so yake a riƙa yin komai da zafi-zafi. Wane sauri kuma? Wasan da ake bugawa daƙiƙa biyar a tsaya, a saka talla, a kwashe mutum 11 gaba ɗaya a zubo wasu, shi ne har ake maganar juriya a cikinsa?

Ba don surutu kawai na tambaya ba. Ina riƙe da wata 'yar ƙungiyar yara a unguwarmu, 'yan ƙasa da shekara 17, ƙwallon ƙafa dai irin tamu, kuma yadda aka horar da mu haka nake musu, kafin a taɓa ƙwallo sai an zagaye fili har harshe ya fito. Amma na lura yaran da suka fi kowa iya zagayen ba su ne suke kai minti 70 da ƙarfinsu ranar wasa ba. Shi ne nake so in ji, akwai abin da mutanen nan suka gano da za mu iya ara, ko kuwa kuɗi ne kawai ya yi musu yawa?

Abban_Kawo:

Wa alaikumus salam. Malam ba lalaci ba ne kuma ba yawan kuɗi ba ne, doka ce ta ɗaure kocin. Akwai yarjejeniya tsakanin masu kulob 32 na NFL da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, NFLPA, an sa hannu a 2011 aka sabunta a 2020, a ciki an rubuta komai dalla-dalla har awa nawa ɗan wasa zai yi a fili da ranar da aka yarda ya sa sulke, wato kayan kare jikin nan da suke sawa don karo. Koci ba shi da ikon ya tashi da safe ya ce yau raina a ɓace yake kowa ya sa kaya a yi karo.

Yadda abin yake, ana gama Super Bowl a Fabrairu kowa ya kama gabansa, kulob ba shi da hurumin kiransu sai bayan tsakiyar Afrilu, in kuma sabon koci aka ɗauka sai a bar shi ya riga sauran farawa da mako 2. Daga nan shiri ne na mako 9 an raba shi gida uku. Mako 2 na farko ɗaga ƙarfe ne da gudu da jinyar masu rauni da zaman aji, kocin dabaru ma ba ya shiga fili da su sai masu horar da ƙarfin jiki. Mako 3 na gaba a fita fili amma kowane ɓangare shi kaɗai, masu kai hari ba sa karawa da masu tsaron baya. Sai mako 4 na ƙarshe, nan ne ake abin da suke ce wa OTA, wato atisayen da ƙungiya take yi tare, kwana 10 kacal, a nan an yarda a jera 7 da 7 ko 11 da 11 da hular kwano, amma ba sulke ba kayarwa. Bidiyon da kake gani a Mayu da farkon Yuni yawanci shi ne. Kuma duk wannan ganin dama ne fa, tauraro zai iya miƙe ƙafa a gidansa ba mai cin sa tara, sai dai in akwai alawus ɗin zuwa atisaye a kwantiraginsa ya yi asararsa. Na dolen guda ɗaya ne, ƙaramin sansani na kwana 3 a Yuni, wanda ya ƙi zuwa duka ukun tararsa tana kai wajen dala dubu 100.

Kuma ba da wasa suke riƙe da dokar ba, kowane atisaye ana ɗaukar sa a bidiyo. Seattle Seahawks a 2016 aka same su da laifin karo ya yi yawa, aka ci kulob tarar dala dubu 400, kocinsu Pete Carroll dubu 200, aka kuma ƙwace musu gurbin zagaye na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2017. A 2021 ma Jacksonville da Dallas da San Francisco duk sun biya.

To yanzu a ce kai ne kocin. Kana da mutum 90 waɗanda ƙarshen Agusta sai ka rage su sun koma 53, ga kundin dabaru mai kauri da sababbin yara za su haddace, an ba ka awa 2 a fili sau 10. Za ka ɓata minti 20 a zagaye? Wlh ba za ka yi ba. Ma'anar saurin da kake ji suna faɗa ke nan. Tun jiya da dare an rubuta duk dabarar da za a gwada bi da bi, an yayyanka awa biyun, minti 5 nan minti 10 can, ga ƙaton agogo a gefen fili, da an busa ƙaho kowa ya ruga inda zai yi na gaba ba mai tafiyar ƙasaita, ƙwallo na faɗuwa wani ya riga ya ajiye wata, in mutum ɗaya ya yi kuskure ba a shanya sauran 21 a rana ana yi masa lacca, kyamara ta riga ta ɗauka, a haɗu a aji a nuna masa. Sai ya zama horon numfashin yana cikin wasan kansa, kana koyon aikinka kana haki a lokaci guda. Nan ne nake ga ya shafi yaranka, amma bari masu ilimin jiki su zo.

Sarkin_Musu_TW:

Haba Abban Kawo, kai dai son wasan kake shi ya sa kake ta yi masa ado. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa zama ta lissafa a 2010, wasan da ake shafe awa 3 ana kallo, lokacin da ƙwallo take motsi da gaske wajen minti 11 ne, sauran duk tsayuwa ce da maimaici da talla. Ɗan tsakiya a Firimiya yana cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya kuma ba mai cire shi don ƙwallo ta koma wajen abokan hamayya. Su kuwa mutum ya yi gudu ɗaya sai ka gan shi a benci an manna masa abin shaƙar iska a hanci. Mu da muka taso muna kallon Ranchers Bees mun san me ake kira juriya. Ɗan Rigasa kar ka bari su ruɗa ka, ci gaba da zagayenka, je Murtala Square da asuba ka ga masu gudu har da tsofaffi, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya zagaye fili.

Anti_Fisiyo:

Malam Sarkin Musu lissafinka na minti 11 haka yake, amma maganarka ta ƙarshe ce ta sa na ajiye abin da nake yi na shigo, domin an mutu kam, kuma ba mutum ɗaya ba. Bari dai in fara da ta juriyar tukuna.

Ni aikina gashin ƙashi ne kuma 'yan ƙwallo suna zuwa min sosai. Juriya ba iri ɗaya ba ce. Je inda ake sauke tirelar siminti ka kalli 'yan dako, mutum ya sungumi buhu mai kilo 50 ya kai ya dire, ya dawo yana mayar da numfashi, ya sake ɗauka, haka har motar ta ƙare. Ɗauko mai gudun fanfalaki ka sa shi a layin nan ka gani ko zai kai buhu na goma, shi ma ɗan dakon ka ce ya bi shi a guje daga Kawo zuwa Sabon Tasha sai dai a kwaso shi a keke. To ƙartin layin gaba na NFL aikin ɗan dakon suke yi, mutum mai kilo 140 yana tura wani mai kilo 140 da iya ƙarfinsa na daƙiƙa 4 zuwa 6, a ba shi hutun da bai wuce daƙiƙa 40 ba don shi ne agogon wasa, ya sake, haka sau 60 da wani abu. Ƙarfin da tsoka take zubawa a irin wannan yunƙuri ajiyayye ne a cikinta, cikin wajen daƙiƙa 10 yake ƙarewa, kuma kafin ya cika ya koma yadda yake sai an ɗauki mintuna, ka ga daƙiƙa 40 ba ta isa, duk yunƙurin da zai yi da ɗan giɓi yake fara shi. Abin da ake horarwa shi ne yadda jiki zai farfaɗo da wuri tsakanin wannan da wancan. Shi ya sa gwajin da ake musu ranar shiga babban sansani a ƙarshen Yuli ba gudun nesa ba ne. Akwai Albert Haynesworth da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 100 da Washington a 2009, shekarar da ta biyo ya ƙi zuwa atisayen bazara, da ya dawo koci Mike Shanahan ya ce ba zai shiga cikin 'yan'uwansa ba sai ya ci gwaji, gudun yadi 300 ana kai-komo a tazarar yadi 25 cikin daƙiƙa 70, ya huta minti 3 da rabi, ya sake cikin daƙiƙa 73. Sai da ya shafe fiye da mako guda 'yan jarida na yi da shi kafin ya ci.

Ƙanina na Rigasa, ƙwallon ƙafar ma in ka zauna ka kalle ta da kyau ba zagaye ba ce. Kilomita 11 ɗin nan mafi yawansa tafiya ce da sassarfa, abin da yake raba gardama a wasa gajerun tsere ne da taka birki da juyawa, shi ya sa gwanin zagayenka yake laushi a minti 70, ya saba da gudu iri ɗaya ba tashi ba tsayawa. Ba cewa nake a daina gudun nesa ba, ɗan ƙwallon ƙafa yana buƙatarsa fiye da ɗan NFL nesa ba kusa ba, a nan Sarkin Musu yana da gaskiyarsa, amma a yi shi a farkon shiri a gina a kai, ba kullum ta Allah ba.

Ni abin da ya fi burge ni a tsarin da Abban Kawo ya zayyana ba saurin ba ne ma, yadda ake hawa a hankali ne. A 2011 masu kulob suka rufe ƙofa tun Maris har ƙarshen Yuli saboda rigimar kuɗi, ba a yi shirin bazara ba sam, ana sasantawa aka faɗa babban sansani kai tsaye, cikin kwana 12 na farko 'yan wasa 10 agararsu ta tsinke. Zuciya da huhu suna dawowa da wuri, mutum ya ji shi garau, amma agara da jijiyoyi suna da nawa, haka naman bayan cinya in ya kwana biyu bai ga tsere ba. Abin da nake gani ke nan kowace shekara bayan hutun Sallah ko bayan yara sun gama jarrabawa, wata guda ba su motsa ba, ranar farko koci ya ce sai an rama, mako na zagayowa an kawo min su suna ɗingishi. Yanzu a NFL ko babban sansanin ma kwana 5 na farko ba a sa cikakken sulke, atisaye da sulke sau 16 kawai aka yarda a sansanin gaba ɗaya, kuma tun 2011 aka hana tsohuwar al'adar yin sa sau biyu a rana.

Sai maganar mutuwa. Korey Stringer ɗan wasan Minnesota Vikings ne, shekararsa 27, ya faɗi bayan atisaye cikin zafi a sansaninsu na Mankato, zafin jikinsa ya haura digiri 42, ya rasu ranar 1 ga Agusta 2001. Akwai cibiya da sunansa a Jami'ar Connecticut tun 2010 da aikinta ke nan, yadda za a hana irin wannan. Abin da suke koyarwa a taƙaice shi ne a sanyaya mutum tukuna kafin a ɗauke shi, shi ya sa za ka ga bahon ruwan ƙanƙara a gefen filinsu. Sannan akwai wanda ya fi shafar mu, sikila. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya zama zakara ma, amma in aka matsa masa tsere bayan tsere ba hutu cikin zafi da ƙishirwa jininsa yana iya lanƙwashewa ya faɗi, kuma hakan ya kashe 'yan ƙwallon jami'o'i a Amurka har hukumarsu NCAA ta fara sa a gwada 'yan babban rukuni tun 2010. Mu nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Cikin yaranka nawa ka san ko AA ne ko AS?

Ɗan_Rigasa:

Kai Anti Allah ya saka da alheri, wlh tambayarki ta ƙarshe ta sa jikina ya yi sanyi, biyu kawai na sani su ma don iyayensu sun faɗa min ne. Zan bi gida-gida in tambaya. Amma ina da saura, Abban Kawo in saurin nan yana da amfani haka me ya sa ranar wasa nake ganin yawancinsu sai sun taru sun haɗa kai sun yi ƙus-ƙus kafin kowane yunƙuri, ba sai kawai su yi ta bugawa har abokan hamayya su faɗi ba? Sannan Anti yaya za mu yi da azumi, tunda shekarun nan yana faɗowa kusa da zafi, yara kuma ba sa yarda a daina wasa.

Abban_Kawo:

An gwada malam, kuma labarin yana da daɗi. Tun shekarun 1980 Sam Wyche ya yi da Cincinnati Bengals, sai Buffalo Bills da kwatabak ɗinsu, wato mai jefa ƙwallo da jagorantar hari, Jim Kelly suka ɗauka suka je Super Bowl sau 4 a jere a farkon shekarun 1990, duk da dai ko ɗaya ba su ci ba, Allah sarki. Dabarar ita ce, doka ta ce in masu kai hari suka canza ɗan wasa dole alƙali ya tsaya a ba masu tsaro dama su ma su canza, in kuwa ba su canza kowa ba suna iya bugawa nan take, to sai ƙartin masu tsaron nan su maƙale a fili ba halin fita, kocinsu kuma bai samu sukunin aiko da sabuwar dabara ba.

Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne Chip Kelly. Ya baro Jami'ar Oregon ya karɓi Philadelphia Eagles a 2013, atisayensa kiɗa ne a lasifika kamar kunne zai fashe, ba tsayawa, da hannu ake ba da umarni daga gefen fili, ana bin diddigin barcin kowa, ana gamawa kowa da kofin haɗin abin shansa da sunansa a jiki. Wasansa na farko da Washington sun yi yunƙuri 53 kafin hutun rabin lokaci, alhali kulob da yawa 60 da wani abu suke yi a wasa gaba ɗaya, kowa ya ce shi ke nan an canza NFL. Kaka biyu a jere ya ci 10 ya faɗi 6. Amma akwai inda gizo yake saƙa, in ka yi sauri kuma ba ka ci gaba ba, cikin minti ɗaya ka mayar wa abokan hamayya ƙwallo, masu tsaronka ko ruwa ba su gama sha ba an ce su koma. Shekara ukun da ya yi, Eagles ne na ƙarshe a lig wajen daɗewa da ƙwallo. A 2014 wani mai tsaron bayansa Cary Williams ya fito fili ya ce atisayen yana cinye musu ƙafa kafin ranar wasa. Kuma a jami'a kana da yara sama da 100 ka yi ta juyawa, a NFL 53 ne, wasu sun haura shekara 30, ga kaka doguwa, yanzu ma wasa 17 ne tun 2021. Disamba 2015 aka sallame shi saura wasa ɗaya kaka ta ƙare.

Amma fa kar a ce ya tafi a banza, yawancin abin da ake masa dariya a kai yanzu kowa na yi. Akwai 'yar na'ura a sulken kafaɗa da take nuna nisan da kowa ya yi da saurinsa, in aka ga lodin mutum ya yi yawa gobe a rage masa ko da shi ya ce lafiyarsa lau. Abin da aka watsar shi ne a ce kullum a wuta ɗaya za a zauna. Ni wanda na fi yarda da shi Andy Reid ne na Kansas City, sansaninsa a St. Joseph an san shi da wahala, yana da wani atisaye da zai bar rukuni ɗaya a fili su yi yunƙuri goma sha wani abu a jere ba canji, don su ɗanɗani yadda ƙarshen wasa yake, amma ranar wasa ba gaggawa yake ba, sai ya ga dama yake kunna saurin. Ya ɗauki Super Bowl a 2020 da 2023 da 2024. Shi kuwa Sean McVay na Rams manyan 'yan wasansa ko wasannin share fage na Agusta ba ya sa su, shi ma ya ɗauka a 2022. Don haka duk kocin da ka ji yana yabon saurin atisaye a watan Mayu ka saurare shi da kunne ɗaya, ba a taɓa jin wanda ya fito ya ce yarana sun dawo da tumbi ba, kowa zakara ne kafin a sa sulke.

Maganar azumi na bar wa Anti, amma ka nemi labarin Husain Abdullah. Yana buga wa Vikings ya fara azumin 2010 ana cikin sansanin Agusta, a Mankato ɗin nan dai da aka ambata, mai kula da abincin kulob ya tsara masa yadda zai ci har da tashi cikin dare ya ƙara kafin sahur. Shi da yayansa Hamza suka ajiye kakar 2012 gaba ɗaya suka tafi aikin Hajji.

Sarkin_Musu_TW:

To ai ga shi da bakinka ka faɗa, mai saurin an kore shi. Na Husain Abdullah dai na sara masa. Anti ki yi haƙuri na janye maganar mutuwa, amma zagaye kam ban janye ba, yaron da ba a taɓa sa shi abin da ba ya so ba ranar da aka zura musu biyu zai zauna a ƙasa ne yana gyara safa.

Anti_Fisiyo:

Ba komai malam, a sa su abin da ba sa so mana, amma da ƙwallo a ƙafa. Ƙanina ka tuna shi Husain babban mutum ne da likitoci a kansa, naka yara ne masu buɗa baki da ƙosai da kunu. Da azumi ka mayar da mai zafin bayan an sha ruwa in akwai haske a filin, in babu to dab da magariba a yi mai sauƙi, taɓa ƙwallo da tsayuwar wuri, ba tsere. A zafin Maris da Afrilu ko ba azumi kar ka fito da su rana tsaka, kuma ruwa ba lada ba ne da za a ce sai wanda ya yi ƙoƙari zai sha. In ka ga yaro yana tangaɗi ko yana magana ba kan gado ko ya rikice bai san inda yake ba, ba ragwanci ba ne, a kai shi inuwa a cire masa riga a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da aka samu ana fifita, ana yi ana neman mota. Mai AS kuma in ya ce ƙafarsa ta mutu ko numfashi ya gagara a bar shi ya tsaya nan take, kar wani ya ce masa saura ɗaya.

Ɗan_Rigasa:

Na gode ƙwarai jama'a. Abin da zan gwada, in raba su 4 da 4 a ƙaramin wuri, minti 3 ana yi da gaske minti 2 hutu, masu jira suna gefe da ƙwallo a hannu da ta fita a jefo wata, gyara kuma sai an zauna shan ruwa. Zagayen zan bar shi ranar Litinin kawai don kar Sarkin Musu ya kai ƙarata. Matsalata yanzu biyu, ƙwallo biyu gare mu ɗaya ma tana sacewa, sannan akwai wani dattijo da yake zama bakin filin kullum, uban ɗaya daga cikin yaran, in bai ga an zagaya ba cewa yake yau ba a yi tirenin ba. Abban Kawo in kana da hali ka zo Rigasa ranar Asabar da yamma ka yi masa wannan bayanin da kanka, ni ba zan iya ba.